Sarkin Zuma Ba Shi da Ta Cewa

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya taɓa ganin abin, ko da sau ɗaya ne. Da hantsi sai a ji ruri daga sama kamar na mota mai nisa, a ɗaga kai a ga wani baƙin hayaƙi yana juyawa, kafin a ankara ya tattaru a reshen tsamiya ko na mangwaro, ya zama curi guda mai kama da gemu yana reto. Zuma ce ta yi ƙaura. Yara su watse, manya su ja kunne kada wanda ya yi jifa, mai amya kuwa ya fara lissafin ko rabonsa ne ya tsaga. Idan ka tambayi dalilin saukarsu a nan, amsar guda ce: sarkinsu ne ya sauka, suka rufe shi. In ya tashi za su tashi, inda ya nufa can za su.

Rabin zancen gaskiya ne. Akwai babba guda a tsakiyar curin, kuma dominta suka taru, don mace ce, uwarsu ce, ita ke saka ƙwai wajen 1,500 a yini idan abinci ya wadata. Amma batun inda za a koma, da yaushe za a tashi, da ta ina za a bi, ko shawararta ba a nema. A cikin ƙudaje kusan 10,000 da ke rataye a reshen nan, tana daga cikin waɗanda ba su san komai ba game da sabon gida har sai an kai ta ƙofarsa. Duk da haka taron yakan zaɓi mafi kyawun kogo a cikin dajin da ya kai kilomita da yawa ta kowace fuska, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Yadda ƙwari masu ƙwaƙwalwa da ba ta fi ƙwayar riɗi ba suke yin wannan, ba shugaba, ba mai raba gardama, shi ne abin da masana suka shafe sama da shekara 70 suna bi.

Rawar da ake karantawa

Labarin ya faro ne daga Jamus. Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya gano cewa ƙudan da ya samo furanni yakan dawo gida ya yi wata rawa a jikin saƙa, kuma rawar kwatance ce. Yana miƙewa a layi yana girgiza gindi, ya zagayo, ya sake. Idan layin ya nufi sama sak, abincin yana daidai inda rana take. Idan ya karkata dama da wani gwargwado, to da wannan gwargwadon abincin yake dama da rana. Tsawon lokacin girgizar kuma shi ne nisa: a ƙiyasi, daƙiƙa guda na nufin wajen kilomita guda.

A 1949 wani almajirinsa mai suna Martin Lindauer ya tsaya yana kallon curin zuma a wani lambu a birnin Munich, sai ya ga wasu suna irin wannan rawa a bayan 'yan'uwansu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne masu rawar ba su ɗauke da garin fure a ƙafa. Daƙa-daƙa suke: wannan baƙa ƙirin da kunkunniya, waccan ja da ƙurar jan bulo, wata fari fat kamar ta faɗa cikin gari. Munich a lokacin kufai ce, yaƙin duniya na biyu ya bar ta da rusassun gine-gine da bututun hayaƙi da ba mai hura wuta a ƙarƙashinsu. Lindauer ya gane cewa waɗannan ba abinci suka je nema ba, gida suka je dubawa. Daga baya ya ƙware har yana karanta rawar ya faɗi unguwar da za su koma, in sun tashi ya bi su da gudu a ƙasa, lungu-lungu, ya tarar da su a inda ya ce.

Wanda ya ɗora daga nan shi ne Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka. Ya samu wani ɗan tsibiri mai suna Appledore a gaɓar jihar Maine, inda babu manyan itatuwa masu kogo, saboda haka duk gidan da zuma za ta samu sai wanda ya ajiye mata. Ya riƙa kai akwatuna iri-iri yana sauya girmansu da faɗin ƙofarsu, har ya fahimci abin da take so: kogo mai cin lita 40 ko kusa da haka, ƙofa ƙarama daga ƙasa, wuri mai tsayi daga ƙasa. Dalilin a fili yake. A can sanyi yakan hana fita wata da watanni, iyalin da bai tara zuma wajen kilo 20 ba ba zai ga bazara ba, kuma ƙaramin kogo ba ya ɗaukar wannan. Zumarmu ta Afirka ba ta da wannan larura, shi ya sa ta fi saurin ƙaura, ta fi kuma yarda da ƙaramin wuri. Masu amya sun san halinta: yau tana nan, gobe in an dame ta ko fure ya yanke ta bar maka kwando wayam.

Ga yadda shawarar ke tafiya. Daga cikin dubban nan, 'yan ɗaruruwa kaɗan ne ke fita dubiya, kuma tsofaffin ma'aikata ne da suka saba da daji. Mu kira su 'yan leƙe. Wadda ta samu kogo takan shafe fiye da rabin sa'a tana shiga tana fita, tana taka bangonsa ciki da bai. Da ƙafa take awo. Seeley ya tabbatar da haka da wata dabara: ya yi gida mai bango mai juyawa, wanda zai sa ƙudan ya yi tafiya mai yawa ko kaɗan kafin ya zagaye, sai ga shi wadda aka wahalar da tafiya ta ɗauki ƙaramin ɗaki a matsayin babba. In ta gamsu, ta dawo kan curi ta yi rawa. Wuri mai kyau sosai rawarsa takan yi tsawo da kuzari, wuri na dama-dama rawarsa gajeriya ce. Wadda ta daɗe tana rawa ta fi samun masu kallo, su kuma masu kallon sai su tashi su tafi.

A nan abu na farko yake da ya kamata a riƙe. Babu 'yar leƙen da ke yi wa wuri rawa don ta ga wata tana yi. Sai ta je da kanta, ta shiga, ta taka, ta auna. In wurin bai yi mata ba, ta dawo ta yi shiru, duk yawan masu tallarsa. Kwatance ake karɓa daga baki, hukunci kuwa kowa da idonsa. Don haka in wata ta yi kuskure ta zuzuta ramin da ruwa ke shiga, kuskuren ba ya yaɗuwa, a kanta yake tsayawa.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki, ƙila don na sha zaman taro. Kowace 'yar leƙe rawarta raguwa take yi. Duk zuwa da dawowa sai ta rage zagaye wajen 15, har ta kai ga dainawa gaba ɗaya, ko da kuwa wurin da take tallar ya fi ko'ina kyau. Ba wanda ya ka da ta a muhawara, ba ta kuma ga wani wuri da ya fi nata ba. Ta faɗi abin da ta gani, ta maimaita gwargwadon darajarsa, ta koma gefe ta bar wa sababbin idanu. Wuri mai kyau yana tsira ne saboda kafin ta gaji ta riga ta jawo wasu da yawa, su ma sun jawo wasu. Wuri mara kyau kuwa masu goyon bayansa kan ƙare ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun bar magada ba. Mu a wurinmu wanda ya kawo shawara shi ke mutuwa a kanta, ko ya gane ba ta yi ba, don kada a ce ya sha ƙasa.

Seeley da abokiyar aikinsa Susannah Buhrman sun taɓa zama suka liƙa wa kowane ƙuda lamba a baya, wajen 4,000 a curi guda, don su san wa ya yi rawa, yaushe, kuma don ina. A ɗaya daga cikin tarukan an kawo wurare 11, aka kwana uku ana jayayya. Wurin da ya fara yin rinjaye ba shi ya ci ba. A wani gwajin kuma sun ajiye akwatuna biyar, huɗu masu lita 15, ɗaya mai lita 40. Sau da yawa ƙananan aka fara ganowa, amma a gwaji huɗu cikin biyar babban aka zaɓa.

To ta yaya suke sanin an gama? Da an ɗauka sai kowa ya yarda. Seeley da Kirk Visscher suka gano cewa 'yan leƙe ba a kan curi suke ƙidaya ba, a bakin sabon gida suke yi. Idan waɗanda suka hallara a wuri ɗaya a lokaci guda suka kai 20 zuwa 30, magana ta ƙare. Sai su komo su riƙa kutsawa cikin curi suna wani siririn sauti da ke nufin kowa ya ɗumama jiki, domin ƙudan zuma ba ya iya tashi sai naman fiffikensa ya kai zafin digiri 35. Akwai kuma wata ɗabi'a da aka wallafa bayaninta a mujallar Science a 2012: 'yar leƙen wani wuri takan tunkuyi mai rawar wani wurin da kai, tana ɗan ƙara, kamar mai cewa ya isa haka. Tunkuyi ɗaya ba ya tsayar da rawa, amma in ya yawaita yana tsayarwa. Amfaninsa yana fitowa ne idan wurare biyu sun yi kunnen doki, sai ɓangaren da ya ɗan fi yawa ya danne ɗayan, a huta. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun ce haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri da ta mutum suke danne juna idan ana zaɓi tsakanin abu biyu.

In hakan bai samu ba, akwai hatsari. Lindauer ya ga wani taro da ya tashi ba a daidaita ba, rabi suka ja gefe guda, rabi suka ja wani gefe, aka yi ta ja-in-ja a sama har uwar ta ɓace, taron ya watse a banza. Amma yawanci cikin minti guda curin kan narke ya zama hayaƙi. Waɗanda suka san hanya ba su kai biyar cikin ɗari ba. Su ke ratsa saman taron a guje ta fuskar da za a nufa, su koma baya a hankali, su sake ratsawa, sauran na bin inda suka ga ana gudu. Uwar tana cikin masu bi.

Tururuwa da hanyar da ba ta ɓullewa

Kada wannan ya sa a ɗauka duk inda dabbobi suka taru hikima ta sauka. Hausawa da suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, su ne kuma suka san taron tsintsiya ba shara.

A 1989 wasu masana a Jami'ar Brussels, cikinsu har da Jean-Louis Deneubourg, suka haɗa gidan tururuwa da abinci ta wata gada mai reshe biyu, ɗaya gajere, ɗaya dogo. Tururuwa tana barin wani ƙamshi a inda ta taka, na baya kuma sun fi bin inda ƙamshin ya fi ƙarfi. Waɗanda suka dace da gajeren reshe sun riga dawowa, ƙamshinsu ya ninku da wuri, cikin ɗan lokaci kowa ya koma can. Ba wadda ta auna reshen biyu, amma taron ya gano gajeren. Dabarar ta yi kyau har wani ɗalibi a Italiya, Marco Dorigo, ya mayar da ita lissafin kwamfuta a 1992, ana amfani da irinsa wajen tsara hanyoyin motocin kaya. Sai dai gwajin yana da kashi na biyu da ba a cika ambata ba. Idan aka fara ba su dogon reshe shi kaɗai, bayan rabin sa'a aka ƙara gajeren, yawanci ba sa komawa. Hanyar da aka saba ta riga ta yi ƙamshi, ita za a ci gaba da bi.

Ƙarshen wannan hali shi ne abin da William Beebe ya gani a dajin Guyana ya rubuta a 1921. Akwai dangin kwarkwasa a can, makafi ne kusan gaba ɗaya, kowace tana bin ƙamshin ta gabanta. Wani ayari ya rabu da babbar runduna, kansa ya zagayo ya haɗu da wutsiyarsa. Da'irar ta kai mita 370, kowace tururuwa tana ɗaukar sa'a biyu da rabi kafin ta zagayo. Suka yi ta tafiya kwana biyu, gawarwaki na zuba a gefen hanya, kowace tana yin daidai abin da aka halicce ta ta yi. Bambancinsu da zuma guda ne: a cikinsu babu mai zuwa ta duba da kanta.

Masu gashi da masu fiffike

A manyan dabbobi ma sarauta ba ta kai yadda muke zato ba. A wurin bincike na Mpala a Kenya an ɗaura wa gwaggon biri 25 na garke ɗaya na'urar da ke nuna inda kowanne yake duk daƙiƙa, aka wallafa sakamakon a 2015. Babban namijin da kowa ke kauce wa a wurin abinci bai fi kowa iko a kan inda za a nufa ba. Wani ya taka 'yan taku ya tsaya, wani ya taka ta wata fuskar. Idan hanyoyin biyu sun yi kusa da juna, garken ya bi tsakiya. Idan sun yi hannun riga, a bi ɓangaren da ya fi yawa. Kyarkecin Botswana kuwa da atishawa yake kaɗa ƙuri'a kafin a fita farauta, kuma a nan an ga ɗan son kai: in shugaban garke ne ya tayar da maganar, atishawa uku ta isa, in talaka ne sai an kai wajen goma.

Tsuntsayen da ke rufe sararin birnin Rum da yamma a lokacin sanyi, dubbai suna murɗawa kamar rawani ba tare da sun yi karo ba, masana kimiyya ne suka bi su da kyamarori daga saman wani gini, cikinsu akwai Giorgio Parisi da ya ci Nobel a 2021. Suka gano kowane tsuntsu maƙwabta shida ko bakwai kawai yake lura da su, ko suna kusa ko suna nesa. Da wannan kaɗai juyawar da ɗaya ya yi don kauce wa shaho take ratsa taron duka kafin ƙiftawar ido.

Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja ko ta Kabi ba ya bukatar zuwa Rum don ya ga haka, jan baki ya ishe shi. Kuma a kan jan bakin yankin Tafkin Chadi ne wani Bature mai suna Peter Ward ya yi nazari a shekarun 1960, har shi da Amotz Zahavi suka fito da wani ra'ayi a 1973: cewa makwancin da tsuntsaye ke taruwa da dare kamar kasuwar labari ce, wanda ya kwana da yunwa yakan bi wanda ya kwana a ƙoshe idan gari ya waye. Har yau ana gardama a kan wannan ra'ayi, amma yaron da ya wuni yana kaɗa gwangwani a gona ya san cewa in sun ɗanɗana yau, gobe da gayya za su zo.

Fara

Taron da ya fi kowanne girma, wanda kuma ya fi shafar mu, shi ya fi ƙarancin shawara.

Farar hamada a yawancin rayuwarta halitta ce mai gudun jama'a. Launinta na ƙasa ne ko kore, da dare take tashi, in ta ga 'yar'uwarta sai ta kauce. Ta sha bamban da farar da ke zuwa a rundunar da ke tare rana, har masana suka daɗe suna ɗaukar irin waɗannan kamanni biyu jinsi biyu ne, sai a 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai fuska biyu. Abin da ke juya ta kuwa ruwa ne da ƙarewarsa. In an yi ruwa mai kyau a hamada, ciyawa ta fito, fara ta hayayyafa, tana iya ninkuwa sau 20 cikin wata uku. Da ƙasa ta fara bushewa sai koren ya tsuke ya koma 'yan tsirarun kwari, dole masu gudun juna su cunkushe a wuri guda.

Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun zauna da ɗan buroshin fenti suna shafa sassan jikin fara ɗaya bayan ɗaya, don su gano inda makunnin yake. A cinyar ƙafar baya yake. In aka yi ta gogar wurin na 'yan sa'o'i, kamar yadda zai faru a cunkoso, sai halinta ya juye, mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. A 2009 aka gano cewa wani sinadari mai suna serotonin ne ke ninkuwa kusan sau uku a jijiyoyinta a wannan lokaci. Launi yakan biyo baya: 'ya'yan su fito baƙi da rawaya, manya su yi ja-ja, in sun balaga su koma rawaya.

Sai tafiya. 'Ya'yan da ba su yi fiffike ba sukan jeru su doshi fuska guda, faɗin kilomita, kamar an yi musu umarni. Iain Couzin, wanda yanzu yake Konstanz a Jamus, ya yi ta kallonsu, ya lura da abin da ya sauya fahimtar lamarin: cin junansu suke yi. A hamada gishiri da abinci mai gina jiki sun yi ƙaranci, kuma mafi kusan wurin samunsu shi ne jikin na gabanka. Wadda ta tsaya, ta bayanta za ta cije ta. A wani gwaji da aka wallafa a 2008 an yanke jijiyar da ke sa fara ta ji taɓi a bayanta, sai tafiyar ta ragu ƙwarai, cin juna ya ƙaru. Wato abin da muke hangowa daga nesa kamar runduna mai tsari, daga ciki kowa gudun na baya yake yana farautar na gaba. Binciken da aka yi daga baya a Konstanz, inda aka sa fara a tsakiyar hotunan fara na bogi masu motsi, ya nuna tana fuskantar waɗanda ta gani tana bin su ne, ba wai tana daidaita sahu da maƙwabta kamar soja ba. Idan sun yi fiffike kuwa, iska ce ke zaɓar musu hanya. Sau da yawa tana kai su inda ruwa ya zuba, don can iskoki ke haɗuwa. Wani lokaci kuma teku take kai su. A 1988 wasu sun tashi daga Afirka ta Yamma suka tsallaka Tekun Atilantika har tsibiran Karebiyan, tafiyar wajen kilomita 5,000, inda ba su iya kafa zuriya ba.

Rashin shawara bai rage mata ɓarna ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita guda tana ɗauke da fara wajen miliyan 40, tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini, tana kuma iya yin kilomita 150 kafin faɗuwar rana. A daminar 2004 ta sauko daga arewa maso yammacin Afirka ta mamaye Muritaniya da Senegal da Mali da Nijar. A Nijar ta haɗu da ruwan da ya ɗauke da wuri, makiyaya da dabbobi suka rasa ciyawa, farashin gero ya yi tashin gwauron zabi, aka shiga yunwar 2005 da mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta ba. Yaƙi da farar a wancan karo ya ci ɗaruruwan miliyoyin dala, alhali an yi gargaɗi tun 2003, lokacin da kuɗi kaɗan zai wadatar. Ta 2019 zuwa 2020 kuwa daga hamadar Rub'ul Khali ta Larabawa ta faro, bayan guguwar teku biyu, Mekunu da Luban, sun zubar da ruwa a can a 2018 inda ba mai gani. Kafin a farga ta haye Yaman ta shiga Habasha da Somaliya, Kenya ta ga abin da rabonta da shi shekara 70. Mu dai muna ramawa da mai da yaji a bakin kasuwa, amma wadda aka yi wa feshi ko wannan ramuwar ba ta yiwuwa.

Saboda an san inda makunnin yake, dabarar yaƙin yanzu ita ce a riga cunkoso. A Nijar wuraren da ake sa wa ido su ne Tamesna da tsaunukan Ayar, a Mali Adrar na Ifogas, sai wasu sassan Muritaniya da Chadi. Ƙasashen yankin suna da hukumar haɗin gwiwa mai suna CLCPRO da ke da mazauni a Aljeriya, Nijar kuma tana da cibiyarta ta ƙasa ta yaƙi da fara. Tauraron ɗan'adam yana nuna inda kore ya fito bayan ruwa, amma ba ya ganin fara. Dole sai ayarin ma'aikata sun shiga mota sun je, sun sauka sun taka ƙasa, sun ƙirga nawa ke tashi a gabansu a taku ɗari, sun duba launinsu, sun tona rairayi ko akwai ƙwai, sun tambayi Buzaye masu raƙuma abin da suka gani a kwarin da mota ba ta shiga. Daga nan su aika rahoto ta wata na'urar hannu zuwa ofishin ƙasa, ya wuce ofishin FAO a Rum, inda ake haɗa shi da na sauran ƙasashe a fitar da sanarwa duk wata. A 2012, da rikici ya ɓarke a arewacin Mali bayan rushewar Libiya, akwai yankuna da ayarin suka kasa shiga, wasu kuma sai da rakiyar soja. Har yanzu taswirar tana da irin waɗannan gurabe, inda kore ke fitowa bayan ruwan Agusta, ba wanda ya je ya ƙirga.